Ranar da Kyaftin Ta Koma Benci

A tsibirinmu ƙasa ta gwamnati ce, amma bishiya ta mai ita ce. Kana iya gina ɗaki kewaye da kwakwar mutum, kana iya ɗaura igiyar shanya a jikinta, amma ranar da ka ɗaga mata gatari, ranar za ka san kowa a Madirifushi ɗan'uwan wani ne. Kowace bishiya da alamar mai ita, an zana da wuƙa. Wadda zan ba ku labarinta alamarta ƙugiyar kifi ce da ɗigo biyu, kuma tana tsaye a cikin filin ƙwallonmu, taku tara daga ragar arewa, ɗan hagu da inda ake ajiye fenariti.

Sunana Jaufaru. Tela ne ni, kuma shugaban kulob ɗin Madirifushi shekara ashirin da biyu, ba don na fi kowa ba, sai don ni ke ɗinka rigunan.

A shekarar 1988 muka kafa kulob ɗin, ina ɗan shekara sha tara. Muka bi gida-gida muna roƙon masu bishiyoyin arewacin gari su bari a share fili. Mutum goma sha ɗaya suka yarda. Ta sha biyun Sanfa Daita ce. Ta saurare mu har muka gama, ta tofar da jan yawun goronta, ta ce, "A'a."

Muka ce, "Daita, me ya sa?"

Ta ce, "Roƙo kuka zo, ko jarrabawa kuka zo yi mini?"

Babu inda za mu matsa da filin. Gabas maƙabarta, yamma da arewa teku, kudu ɗakin ƙanƙarar masunta. Muka ja layi da farin yashi muka bar bishiyar a ciki, muka ce ai tsohuwa ce, kwana nawa ya rage. A lokacin shekarunta arba'in da ɗaya. Bayan shekara biyar na auri 'yarta Zulfa, mutanen gari suka ce don bishiyar na yi. Ƙarya suke yi. Amma tsakani da Allah na ɗan sa rai.

Wasanmu na farko da baƙi shi ya sauya mana tunani. Ɗan wasan gaban tsibirin da ke kudu da mu ya yanke mutum uku, ya sunkuyar da kai ya taho a guje. Ya ga raga, bai ga kwakwa ba. Sai da aka yayyafa masa ruwa. Da ya farfaɗo ya tambayi wane ne ya tare shi, wani daga cikin 'yan kallo ya ce, "Kyaftin ɗinmu ce!" Sunan ya zauna ke nan.

Tun daga nan ba mu ƙara maganar sara ba. Kocinmu Kuda Tuttu, wanda sunansa ke nufin ƙarami alhali sai ya karkace yake shiga ƙofa, ya gina dabararsa kacokan a kanta. 'Yan bayanmu suka koyi buga ƙwallo a jikinta ta dawo musu, abin da Tuttu ke kira "ba Kyaftin ta ba ka". Golanmu, in yana ragar arewa, rabin dama kawai yake tsarewa. Ba ta taɓa jin ciwo ba, ba ta taɓa karɓar kati ba, ba ta taɓa cewa surukarta ba ta da lafiya ranar atisaye ba.

Matsalarta ɗaya, mai ita. Duk ranar wasa Sanfa Daita za ta kawo kujerarta ta igiya ta ajiye bayan ragar arewa, ta juya wa fili baya, ta fuskanci teku. Ba ta san ofsaid ba, ba ta kuma son sani. Amma in ƙwallo ta kaɗo kwakwa, kafin ta gama gangarawa tsohuwar ta shigo fili ta ɗauki abinta, ko da kuwa ana tsakiyar bugun kwana. Rafali nawa suka zo tsibirin nan da katinsu a aljihu, babu wanda ya taɓa nuna mata.

A shekara talatin da biyar sau huɗu aka ci mu a gida. A waje kuwa kada ku tambaye ni. An taɓa ɗura mana tara. An taɓa jiranmu a wasan kusa da na ƙarshe, injin jirginmu ya mutu a tsakiyar ruwa, muka isa washegari muka tarar ana share fili. Akwai shekara biyu da kulob ɗin ya mutu murus, don samarinmu duk sun tafi ɗaukar jakunkunan baƙi a otal-otal. Tuttu ne ya bi su ɗaya bayan ɗaya da zagi ta waya har suka dawo.

Sai bara. Ɗana Ilyas ya zama gola, kuma ba don ɗana ne ba, yaron hannunsa kamar an shafa masa danƙo. Muka cinye kowa a gida, muka yi ta lallaɓa canjaras a waje, kafin mu ankara mun ɗauki kofin tsibirai mun haye rukunin ƙwararru. Wato karon farko za a biya yaranmu albashi a kan abin da mu muka sha bulala saboda shi. Kwana uku ana kiɗa. Ni da nake da ciwon gwiwa sai da na taka.

Rana ta huɗu jirgi ya sauke mana mai duba fili daga hukumar gasa. Sunansa Shiyam, ɗan Male babban birninmu, takalminsa sau-ciki a kan yashi. Ya auna tsawo, ya auna faɗi, ya girgiza raga, yana ta gyaɗa kai. Sai ya tsaya. Ya ɗaga kai sama, ya yi ta ɗagawa har hularsa ta faɗi.

"Shugaba, mene ne wannan?"

"Kyaftin ce, ranka ya daɗe."

"Bishiya ce."

"To, ita ma ba ta musa ba."

Ya buɗe takardarsa ya karanta mini: babu abin da zai kasance cikin fili sai 'yan wasa, rafali da ƙwallo. Kuma taku uku bayan kowane layi a bar shi fili fetal.

Na ce, "Alhamdu lillahi, ashe da sauƙi. Ka rubuta ta cikin 'yan wasa. Mu fito mu goma."

Ya dube ni ya ga ba wasa nake ba. Ya ce, "Ranar haihuwarta?"

"Za a tambayo."

"Hoton fasfo?"

"Daga wuya zuwa sama, ko duka?"

Ya rufe takardar a hankali. Mutumin kirki ne, ban ƙi shi ba. Ya ce zai dawo bayan sati biyu. In ya tarar da ita a tsaye, duk wasanninmu na gida a Male za mu buga su.

Ku da ba ku san Male ba za ku ce to mene ne. Awa goma sha huɗu ce a jirgi. Babu mai yin wannan tafiyar duk sati, dole yaran su tare can. Ni kuwa na ga abin da Male ke yi wa samarinmu: shekara ta farko su zo kowace Sallah, ta biyu su aiko da saƙo, ta uku ka ji muryarsu ta sauya a waya. Kulob ɗin zai ci gaba da amsa sunan Madirifushi, amma Madirifushi ba za ta ƙara ganinsa ba. Kuma Ilyas na cikinsu, shi kaɗai Allah ya ba mu. Na kasa ko zura zare a allura.

Muka fara tura wa tsohuwa jama'a. Shugaban majalisar tsibiri ya je, ta ba shi shayi da gurasar roshi, ta ce a'a. Liman ya je ya yi mata wa'azin sadaukarwa, ta ce ya yi kyau ƙwarai, ta tambaye shi ko zai sadaukar da mangwaron gidansa da ya toshe hanyar makaranta. Bai shanye shayinsa ba. Tuttu ya je da kuka, ta ce ya matsa yana tare mata iska.

Na koma wa matata. Na ce, "Zulfa, ke 'yarta ce, ki yi mata magana."

Ta ce, "Kai ka aure ni don bishiya, sai ka je ka karɓi abinka."

"Haba Zulfa, shekara talatin kina riƙe da maganar 'yan gari?"

"Ci abincinka." Romon kifin ranar ko lemun tsami babu.

Saura kwana uku raina ya ɓaci. Na tarar da ita da hantsi tana kankare kwakwa a tsakar gida, ban ko zauna ba. Na ce, "Mamma, ki ji tsoron Allah! Bishiya arba'in gare ki a tsibirin nan. Saboda guda ɗaya, tsohuwa, wadda ko 'ya'yan kirki ta daina yi, za ki kwashe samarin gari ki zuba a Male? Me ta taɓa yi miki da sauran ba su yi ba?"

Ta ci gaba da kankara. Can ta ce, "Shekara talatin da biyar, yau ne ka yi tambayar da hankali. Gobe bayan asuba ka samo jirgi. Ka zo da Ilyas, don kai in aka bar ka da tuƙi a kan murjani za mu kwana."

Da gari ya waye muka fita, Ilyas na tuƙi, ita tana zaune a gaba ta ƙudundune da mayafi, ni ina tsakiya ina riƙe da cikina. Tela ba masunci ba ne. Muka bi ta mashiga, ɗan tsagin nan da ke tsakanin duwatsun murjani, muka yi nisa har ruwa ya koma baƙi-baƙi. Ta ɗaga hannu, Ilyas ya kashe inji.

"Ku juya. Me kuke gani?"

Tsibirin ya zama siririn kore a kan ruwa, ko'ina daidai kamar an aske. Abu biyu kawai suka ɗago: hasumiyar masallaci, da kan bishiya ɗaya a arewa.

Ilyas ya ce, "Kyaftin ce, Kaka."

"Matsa da jirgin har ta rufe hasumiya."

Ya matsa. Da suka hau layi ɗaya, sai ga mashigar a gabanmu ɗoɗar, kamar an buɗe ƙofa.

Ta ce wa Ilyas, "Haka kakanka Lahutu yake shigowa. Ubansa ya dasa ta, shi ya nuna masa. Ko hadari ya rufe, in ya hango kanta ya iso gida."

Na san labarin mijinta Lahutu kamar yadda kowa ya sani. Shekara biyu kafin mu kafa kulob ya fita kamun kifi da mutum huɗu, ba a ƙara ganin ko katakon jirgin ba. An yi masa salla, an raba kayansa. Ashe tsofaffin masunta duk sun san zancen bishiyar, babu dai wanda ya ga dama ya gaya wa tela.

Na ce a hankali, "Mamma, ai yanzu kowane jirgi da na'urar nuna hanya."

Ta ce, "Na sani. Shi ba shi da ita."

Wallahi kunya ta kama ni har na manta da ciwon ciki. Shekara talatin da biyar ina ganin matar nan ta juya wa wasanmu baya, ina cewa ƙiyayyar ƙwallo ce.

Ta juya ga Ilyas. "Kai, in aka hana filin, tafiya za ka yi?"

"Dole ne, Kaka."

"Ka dawo yaushe?"

Yaron ba ya ƙarya, shi ya sa ya kama gyara igiyar jirgi. Ta daɗe tana kallonsa, jirgi na lilo da mu. Sannan ta gyara mayafinta.

"Ba zan yi jiran mutum biyu ba. Ƙarfina bai kai ba. Ku sare." Kafin in buɗe baki ta nuna ni da yatsa. "Amma a sauke mini 'ya'yanta tukuna, ko ɗaya kada ta fashe. Kuma gangar jikinta ba za ta bar filin ba."

Ranar sara duk garin ya fito. 'Yan wasa suka sa riguna suka jeru, Tuttu na share hawaye da gefen zanensa. Tsohuwar ba ta zo ba, ta ce tana da wanki. Da Kyaftin ta faɗi, ƙasa ta girgiza, babu wanda ya yi tafi. Kafinta ya raba gangar biyu ya yi mana dogon benci na 'yan canji, ya bar alamar ƙugiya da ɗigo biyu a inda kowa zai gani. Wani mara kunya ya ce to, Kyaftin ta koma benci, muka yi dariya don kada mu yi wani abin. Shiyam ya dawo, ya duba, ya sa hannu. Da zai tafi ya ɗan shafa bencin.

Wasanmu na farko na ƙwararru da wani babban kulob na Male ne, masu likita da mai tausa da akwatin ƙanƙara. Ba a bar kowa a gida ba, har marasa lafiya an ɗauko. Da na waiwaya bayan ragar arewa sai na ga kujerar igiya a wurinta, amma an juya ta. Sanfa Daita na fuskantar fili.

Yaranmu suka yi abin a yaba. Aka tafi hutu babu ci. Aka dawo, mu ke tsaron ragar arewa, Ilyas ya ture uku waɗanda ni kaina na riga na rufe ido. Saura minti biyu, har na fara shirya jawabin canjaras. Sai wani ɗan bayansu, da ya rasa wanda zai ba, ya tura wata ƙwallo daga nesa, lagwas, wadda ko kaza za ta tare. Ta taho tana birgima ta ɓangaren hagu, taku tara daga raga.

'Yan bayanmu biyu suka dare mata, ɗaya dama ɗaya hagu, kamar yadda suka saba kewaye wurin tun suna yara, suka tsaya jiran ta dawo musu. Ilyas ko motsi bai yi ba. Ya sa hannu a baki ya ƙwala da duk ƙarfinsa:

"Kyaftin, taki ce!"

Ƙwallo ta bi ta kan sabon yashin, ta wuce, ta shiga raga a hankali ta kwanta.

Ban taɓa jin shiru irin wannan ba, har ana jin teku. Wanda ya ci ƙwallon ma bai yi murna ba, ya tsaya yana waige-waige yana neman wadda aka kira. Sai muryar Tuttu ta fashe: "Tana benci, ɗan banza! Ga ta nan ina zaune a kanta!"

Tsohuwa ta miƙe da kyar ta dafa raga. "Ilyas! Kai ne aka sare mini bishiya dominka? Ashe duk shekarun nan ita ke aikin, kai kana karɓar tafi!"

Filin ya kece da dariya, har da rafali. Aka tashi ɗaya da nema, karo na biyar da aka ci mu a gida, kuma ban taɓa ganin mutane sun koma gida da rashin nasara suna riƙe ciki haka ba. Sai da Ilyas ya yi wasa biyar kafin ya yarda cewa raga tana da hagu. Muka ƙare kakar a na bakwai cikin takwas, muka tsira da kyar, kuma duk wasanninmu na gida a Madirifushi muka buga su.

Amma washegarin wancan wasan na farko, da na buɗe shago, na nemi tef ɗin awona na rasa. Zulfa ta ce Mamma ta aiko an ɗauka, ta kuma ce in same ta a fili da wuƙa.

Na tarar da ita bayan ragar arewa a durƙushe, ta shimfiɗa tef ɗina a yashi. Ta auna taku uku daga layi, ta ƙara tafin hannu ɗaya, ta haƙa rami. A gefenta ga kwakwa guda daga cikin na Kyaftin, ta fara tsiro.

"Dokar ɗan Male ta ce taku uku, ko ba haka ba?"

"Haka ne, Mamma."

"To, ban taɓa masa doka ba." Ta sa kwakwar a ramin, na lura ta ɗan karkata tsiron wajen fili. "In ta girma ta leƙo kan raga, wannan tsakaninsa da ita ne."

Na ce, "Shekara nawa kafin a hango ta daga teku?"

"Talatin."

"Mamma, ai shekarunki..."

"Na iya ƙirga, tela. Ba don ka tuna mini na kira ka ba." Ta miƙo mini wani turke. "Zana alamar a nan, in ta yi jiki a mayar kanta. Ƙugiya, da ɗigo uku. Ta Ilyas ce. In ya ga dama ya tafi Male ya bar ta ba mai ba ta ruwa, in gani." Ta tura yashi da hannu biyu ta danna, ba ta dube ni ba. "Shi kuma wancan, in Allah ya kawo shi, kada ya ɗago kai ya ga babu kowa a tsaye."

Na durƙusa na zana. Idona ya cika, ban ga abin da nake yi sosai ba. Ta karɓi turken ta juya shi a rana ta duba.

"Ko wannan ma sai da ka karkace," ta ce. "Kamar wandunanka."

Ta kafa shi a haka.